Yadda ake neman ruwa a ƙasar Jos kafin a kira masu haƙa burtsatse

Ruwan sama bai yi wa Jos rowa ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba yakan zuba kusan milimita 1,400, ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma daga tsaunin Jos kogin Kaduna da Gongola da Mada suka faro, ga Dilimi da ya ratsa tsakiyar gari ya nufi ƙasar Bauchi. Amma da zarar Fabrairu ta kama, rijiyoyin gidaje da yawa sun koma laka, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Garin yana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma tudun nan dutse ne. Dutse ba ya shan ruwa, sai inda ya ruɓe ko ya tsage.

Wanda ya saba da Maiduguri ko Sakkwato, inda yashi yake kwance shimfiɗa bisa shimfiɗa, ya san in aka yi ta nitsawa za a tarar da ruwa. Wannan lissafin ba ya aiki a nan. A Jos kana iya haƙa mita 35 ka sami ruwan da zai ishi layi guda, maƙwabcinka da katanga ce kawai ta raba ku ya kai mita 120 ya tashi da ƙura. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Fara da sanin dutsen da filinka yake kai

Iri huɗu ne za ka gamu da su.

Mafi yawan garin, daga Jos har Bukuru, da tsaunukan Shere, yana kan giranit, wannan dutsen da kake gani an ɗora ƙwallo bisa ƙwallo a Dogon Dutse da kan hanyar Riyom. Masana suna kiransa sabon giranit, don shekarunsa kimanin miliyan 160 ne, kuma shi ne uwar kuza. Sai tsohon dutse mai zane-zane da ya haura shekara miliyan 500, wanda yake bayyana a gefe-gefen tsaunin, kamar in ka gangara wajen Toro. Wajen neman ruwa halin waɗannan biyun ɗaya ne. A sama akwai jar ƙasa da marmara, ƙarƙashinta yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai tsakuwa-tsakuwa, sannan dutse mai rai. Ruɓaɓɓen dutsen shi ne randar da ke ajiye ruwan damina, tsagogin da ke cikin dutse mai rai kuwa su ne bututun da ke kawo shi. Wurin da ya haɗa biyun, ruɓaɓɓen dutse mai kauri a sama da tsaga a ƙasa, shi ake nema. Tsaga ba randa a kanta takan ba da ruwa da ƙarfi kwana biyu ta ɗauke. Randa ba tsaga takan tsattsafo a hankali.

Na uku baƙin dutsen aman wuta ne, na wajen Vom, Miango, Kassa, Panyam da Kerang. Shi yana da ramuka da tsagogi tun daga sanyinsa, shi ya sa idanun ruwa suka yawaita a ƙasarsa. Ruwan kwalba na SWAN daga idon ruwan Kerang ake ɗibarsa. A wasu wuraren narkakken dutsen ya malalo ne ya rufe tsoffin koguna da yashinsu da tsakuwarsu, kuma wanda ya dace da irin wannan yashin a ƙarƙashin baƙin dutse ya huta.

Na huɗu ba halitta ba ce, aikin ɗan Adam ne. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka kafa sansani a Naraguta ake tonon kuza, kuma filaye da yawa a wajen Bukuru, Rayfield, Gyel da Barikin Ladi tsoffin ramuka ne da aka cike, ko tulin ƙasar da aka wanke. Irin wannan ƙasa tana ruftawa, kuma ingancin ruwanta sai an bincika sosai. In dillali ya nuna maka fili shafal kusa da kududdufin kuza, ka nemi dattijon unguwa ka tambaye shi abin da ke wurin a da. Ka tambaya musamman ko an taɓa yin loto, wato ramukan nan masu zurfi da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Zagaya unguwa da ƙafa, a ƙarshen rani

Maris zuwa farkon Afrilu ne lokacin da ruwan ƙasa yake can ƙasa. Rijiyar da ke da ruwa a lokacin ita ce rijiya. Wadda aka haƙa a Agusta ba ta faɗin gaskiya.

Ka shiga gidaje biyar ko shida da ke kewaye da kai, ka yi sallama, ka tambayi maigida: “Alhaji, rijiyar nan gaba nawa ce? Tana ƙafewa? A wane wata?” Masu burtsatse kuma ka tambaye su mita nawa aka haƙa, a mita nawa aka fara ganin ruwa, minti nawa sumo, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin ramin, yake yi kafin ya fara jan iska. Kada ka manta da waɗanda nasu ya fito busasshe, labarinsu ya fi na kowa amfani, sai dai ba su cika son ba da shi ba. Matan gida kuma sun fi maza sanin ruwan: su suka san wanda ke ja wa fararen kaya launi, da wanda ba ya kumfa, da wanda ke wari in damina ta faɗi.

Kana tafe kana kallon ƙasa. In falalen dutse ya leƙo a cikin filinka, ruɓaɓɓen dutse ba shi da kauri a nan, tsaga kaɗai za ka dogara da ita. Gangare da kwari da gefen fadama sun fi ƙoƙon tudu. Rafi da ya miƙe sambal kamar an ja shi da igiya sau da yawa tsaga yake bi. Itatuwan da suka jeru kore shar a tsakiyar rani alama ce. Amma kwari yana da nasa sharrin: duk ƙazantar da ke sama can take gangarowa, kuma mutanen Rikkos ba su manta ambaliyar 2012 ba.

Safiyon ruwa

A nan ne mutane suke tsuke aljihu, kuma a nan ne bai kamata ba. Kuɗin safiyo ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin haƙa.

Yadda ake yi, ana kafa ƙarafa huɗu a layi, a tura lantarki ta biyu na waje, a auna ta biyu na ciki, a riƙa nisanta su don lantarkin ya ƙara nitsawa. Dutse mai rai yana hana lantarki wucewa, jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse yana barinsa. Na'urar ba ruwa take gani ba, sauƙin wucewar lantarki take aunawa, kuma yumɓu ya fi kowa barinsa ya wuce. Wanda bai ƙware ba sai ya ga yumɓu ya ce maka teku ne a ƙasa. Don haka mutumin da ke karanta sakamakon ya fi na'urar muhimmanci. Ka nemi masanin duwatsu mai rajista da COMEG, majalisar da ke kula da masu wannan sana'a. In ba ka san kowa ba, sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jos wuri ne da za a iya tambaya. A ganina kada mai safiyo ya zama yaron mai injin haƙa. Wanda abincinsa yake kan a haƙa, da wuya ya ce maka kada a haƙa.

Ka lura da tsawon wayar da aka shimfiɗa. Zurfin da ake gani kusan rubu'in tsawon layin ne ko ƙasa da haka. In an ja waya mita 60 a tsakar gida aka ce an hango ruwa a mita 100, akwai magana. A unguwanni masu cunkoso irin Anguwar Rogo da Gangare sai dai a bi lungu a shimfiɗa, a kuma kauce wa bututun ƙarfe da ke binne. A auna wuri biyu ko uku, ba ɗaya ba. Sannan a ba ka rahoto a rubuce: kaurin ruɓaɓɓen dutse, inda ake zaton tsaga, zurfin da za a tsaya, da wurin da ya fi a cikin waɗanda aka gwada. Masu zuwa da ƙaramar na'ura su nuna maka hoto shuɗi da ja a minti goma, da masu sanda ko kwakwa a tafin hannu, ni dai ba zan zuba miliyoyi a kan maganarsu kaɗai ba.

Auna nisa da masai

Abin da aka saba bayarwa shi ne mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe ko kwata, kuma rijiyar ta kasance ta sama, masai ta gangare. A fili mai ƙafa 50 da 100 wannan ba ya samuwa, balle ka haɗa da masai na maƙwabta ta ɓangare uku. Ƙasa mai laushi tana tace ruwa a hankali, tsagar dutse kuwa ba ta tace komai, abin da ya shiga ta nan haka zai fita ta can. Saboda haka ka zaɓi kusurwar da ta fi nisa, ka kuma ɗauka cewa toshe saman ramin da siminti, wanda za mu zo kansa, wajibi ne.

Rijiya ko burtsatse?

Ba kowane fili ne yake son burtsatse ba. Rijiya mai faɗin mita 1 tana riƙe lita 785 a kowace mita ta ruwa. Bututun burtsatse mai inci 5 kuwa kusan lita 12 yake riƙewa a mita. Inda ruwa yake tsattsafowa a hankali daga ruɓaɓɓen dutse, rijiya mai faɗi takan tara cikin dare abin da zai ishi gida da safe, alhali sumo zai zuƙe siririn bututu a minti kaɗan. Gida mai mutum 10, in kowa ya ci lita 50, lita 500 ke nan a rana. Rijiya mai zobban kankare da murfi da ɗan famfo tana iya ɗaukar wannan. Aibinta shi ne ruwan sama-sama take sha, shi ne kuma ya fi saurin gurɓata.

In rijiya ka zaɓa, a haƙa a ƙarshen rani. In mahaƙa suka ce sun kai dutse, a duba tukuna: giranit yakan bar manyan ƙwallaye a tsakiyar ruɓaɓɓiyar ƙasa, a fasa ko a kauce a tarar da laushi da ruwa a ƙasansu.

Yarjejeniya

A rubuta. Kuɗin kowace mita, faɗin rami, irin kesin (bututun da ake zurawa don kada rami ya rufta) da kaurinsa, mita nawa na kesin mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa, wa zai kawo tsakuwa da siminti, awa nawa za a wanke rami, da abin da za a biya in ba a sami ruwa ba. Wannan na ƙarshen shi ke kawo rigima, a gama shi tun injin bai shigo ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an yi gwajin ruwa. Kesin mai araha, irin bututun da ake sa wa kwata, yakan lotse a ƙasa, kuma ba a gyara shi sai dai sabon rami.

Ranar haƙa: ka ɗauko kujera ka zauna

Ka tambayi tsawon rodi ɗaya, wato sandar ƙarfen da ake haɗawa ɗaya bisa ɗaya ana haƙa, ka riƙa ƙirgawa da kanka. Duk rodin da ya shige, a ɗebo abin da iska ta watso a tara a gefe, tsibi-tsibi a jere. Za ka ga labarin filinka a shimfiɗe. Da fari ja wur, sai ruwan ɗorawa ko fari mai danƙo a hannu, sai wani mai garas-garas da ke ƙyalli in ka juya shi a rana. Daga nan ƙarar hama, gudumar da ke fasa dutse a ƙasan rami, takan canja, ta koma kakkaura, farar ƙura ta turnuƙe, masu aiki su koma kamar an yi musu wanka da gari. An shiga dutse mai rai. Abin da kake jira shi ne lokacin da ƙurar ta ɗauke, ɓarɓashin ya fito manya-manya da tsatsa a jikinsu, rodi ya ɗan zurma da sauri, laima ta biyo baya. Tsaga ke nan. Ka rubuta mitar.

Wuri biyu ake cutar mai gida. Na farko, kesin dole ya ratsa duk ƙasa mai laushi ya zauna daram a cikin dutse mai rai. In aka ɗora shi a kan ƙwallon dutse, ƙasar da ke ƙasansa za ta riƙa zubowa, ruwanka ba zai taɓa washewa ba. Na biyu shi ne “Oga, mu ƙara rodi biyar.” Tsagogi suna raguwa suna kuma matsewa yayin da ake nitsawa, don nauyin dutsen da ke sama yana danne su. In an wuce zurfin da rahoto ya nuna da 'yan mitoci, ƙura fara tas, busasshiya, ba canji, ka kira mai safiyo ka ce, “Injiniya, ga abin da ke fitowa.” In ba shi da hujjar ci gaba, a tsaya. Rami biyu matsakaita a wurare daban sun fi guda ɗaya mai zurfin banza.

Bayan an sa kesin, a zuba tsakuwar rafi wankakkiya, ƙanana masu girma ɗaya, a kewayensa. Kada a yarda da tsakuwa ko baƙin yashin da aka kwaso daga wurin wankin kuza, don yana ɗauke da ma'adanai irin su monazait masu fitar da tururin nukiliya. Sai a cike aƙalla mita 5 na sama da kunun siminti, a yi daɓe mai gangara a bakin ramin, kesin ya ɗago sama da ƙasa. A busa iska a wanke har ruwa ya fito garau.

Gwada ƙarfin ruwan kafin ka sayi sumo

Ruwan da kwamfuresa, injin busa iska, ke watsowa sama yana burge 'yan kallo, amma ba shi ne ma'auni ba. A sa famfo a ja na awoyi, aƙalla 6 ga na gida, fiye da haka in na masallaci ne ko makaranta. Ka riƙe jarka mai lita 20 da agogo. In ta cika a daƙiƙa 40, lita 1,800 ke nan a awa. Ka sake aunawa bayan awa ɗaya, bayan uku, da ƙarshe; adadin ƙarshen shi ne naka. A kashe, a ga minti nawa ruwan zai ɗauka ya dawo inda yake. Da wannan ake zaɓen famfo. Babban sumo a kan ƙaramin ruwa ƙonewa yake yi. Ƙaramin famfon sola da ke ja a hankali duk yini zuwa tanki ya fi dacewa da yawancin ramukan Jos.

Kai ruwan ɗakin gwaji

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowane dutse da irin abin da yake zuba masa. A fara wanke ramin da kulorin, a yi ta ja har warinsa ya ɓace, a bar shi kwanaki, sannan a ɗiba. Ka karɓo kwalba daga ɗakin gwajin, ka bar famfo ya zuba minti 10, ka cika ba tare da taɓa bakinta ba, ka sa a kula da ƙanƙara, ka kai cikin awa 6.

Ƙwayoyin cuta na bayan gida su ne farko: ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda da ko ɗaya ba a mililita 100. Sai naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba. Daga masai da takin zamani yake zuwa, yana da haɗari ga jarirai, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Ruwan giranit yawanci mara nauyi ne, yana kumfa da sabulu, sai dai yakan ɗan yi tsami, ya sauka ƙasa da 6.5 a ma'aunin pH. Irin wannan yana cin bututun ƙarfe, don haka a yi amfani da na roba. Ruwan baƙin dutse ya fi nauyi, shi ne ke barin farin ɓawo a buta. In ruwa ya fito garau ya koma ja bayan ya kwana a bokiti, ƙarfe ne daga marmara. Iyakarsa miligiram 0.3. Ya fi ɓata kaya da ɗanɗano a kan cutarwa, kuma maganinsa mai sauƙi ne: a sa ruwan ya zubo ta rariya ya sha iska, ya kwanta, a tace da yashi.

Wanda ba a gani, ba a jin ɗanɗanonsa, shi ne fuloraid. Wasu duwatsun giranit suna sakinsa, kuma a wannan jihar an san Langtang da matsalar, inda haƙoran yara kan yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa-ƙasa. Iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Tafasawa ƙara shi take yi, alif ɗin da ake jefawa a randa kuma ba abin dogaro ba ne. In ya haura, ruwan ya zama na wanki da wanka, a nemo wa yara na sha a wani wuri ko a sa matacin da aka yi don shi. Ka ce a auna shi ko da ba ya cikin jerin da suka saba.

In filinka yana kusa da tsohon wurin kuza ko bola ko garejin makanikai, a ƙara da dalma, wadda iyakarta miligiram 0.01 ce, da manganis, a kuma tambayi inda ake auna tururin nukiliya. Giranit yana fitar da iskar radon mai tururin nukiliya, ita kuma tana ficewa in ruwa ya sha iska a tanki mai mashaƙa a waje, wani dalilin ke nan na kada a haɗa sumo kai tsaye da famfon cikin ɗaki. Ruwan kududdufan kuza da masu lambun kabeji da karas suke ja da rani ba na sha ba ne, kuma gefensu a tsaye yake, yara kan nitse.

A maimaita gwajin ƙwayoyin cuta da naitiret a tsakiyar damina, wajen Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ya taso ya kusanci gindin masai. Sakamakon rani kaɗai ba ya wadatarwa.

In ramin ya fito busasshe

Yana faruwa ko da an bi duk matakan nan. A cike shi da yumɓu da siminti. Kada a bar shi a buɗe, kada kuma a mai da shi sokawe, don ta nan ƙazanta za ta shiga tsagogin da maƙwabta suke sha. Daga nan ka duba ko akwai wanda ya dace da ruwa mai ƙarfi a layinku, ku haɗa kuɗin tanki da bututu da sola, a rubuta wa zai riƙa gyara. Ka kuma ɗaga kai ka dubi rufinka. Kwano mai faɗin murabba'in mita 100, da ruwan saman Jos, yana iya tara sama da lita 100,000 a damina ɗaya bayan an cire wanda ya zube. Abin da zai iyakance ka girman tanki ne. A sa indararo, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye ya zube a ƙasa, a sa raga a bakin tankin saboda sauro, wanda za a sha kuma a tafasa ko a sa masa kulorin.